Yadda ake amfani da kalmar zargi ba tare da an ɗauki alhakin kowa ba

"An kama ɓarayi uku da ake zargi da satar babura." Irin wannan jimla ce na fi ja wa jan biro a ɗakin labarai, kuma da wuya ɗalibin da aka turo mana sanin makamar aiki ya gama makonsa na farko bai rubuta ta ba. Jimlar tana cin karo da kanta. In ɓarayi ne, an wuce zargi. In kuwa zargi ake yi, ba a kai ga kiransu ɓarayi ba. Mai rubutun ya riga ya yanke hukunci tun a kalma ta uku, sannan ya jefo "zargi" daga baya don kada lauya ya biyo shi. Abin da ya kamata ya ce shi ne: "'Yan sanda sun kama mutum uku da suke zargi da satar babura." Yanzu an san mai zargin, an san waɗanda ake zargi, an san abin da ake zarginsu da shi, kuma ba a laƙa wa kowa sunan da kotu ba ta laƙa masa ba.

Aikina gyaran labarai ne a wani gidan rediyo a Kano, kuma kafin a zaunar da ni a tebur na daɗe ina zarya kotu ɗauko rahoto. Amma ba 'yan jarida kaɗai nake yi wa wannan bayani ba. Yau duk mai waya a hannu mawallafi ne. Abin da mutum ya rubuta a Facebook ko ya tura a zauren WhatsApp na unguwa yana iya riga labaran ƙarfe bakwai isa kunnen jama'a, kuma babu editan da zai tare shi a hanya.

Ka fara tantance wane zargi kake nufi

Bahaushe yana amfani da kalmar ta fuska uku, kuma rikici yakan taso ne in mai magana yana nufin ɗaya, mai sauraro ya ɗauki wata.

Akwai zargin da ke cikin zuciya, wanda bai fito fili ba. "Ina zargin yaron nan," ko "mijinta yana zarginta." Wannan ɗan'uwan zato ne, sai dai kullum mummuna. Ana zaton alheri, ana zaton sharri, amma babu wanda ya taɓa zargin wani da kyauta ko da riƙon amana.

Akwai zargin da aka furta, aka ce wane ya aikata kaza, alhali ba a tabbatar ba tukuna. Shi ne na labarai: jam'iyyar adawa ta zargi gwamnati, manoma sun zargi dillalan taki da ɓoye kaya, iyalan mamaci sun zargi direba da ganganci.

Na ukun shi ne ganin laifi. A nan babu gardamar ko an yi abin ko ba a yi ba, kowa ya san an yi. Maganar ita ce wa za a ɗora wa alhaki. In uwa ta ce wa ɗanta "ba na zarginka, ka yi iyakar ƙoƙarinka," ba tana nufin ta daina yi masa kallon ɓarawo ba, tana nufin ba ta ga laifinsa ba. Haka nan in aka ce wa mutum "kada ka zargi kowa sai kanka," daidai yake da a ce masa ya yi kuka da kansa. Daga nan ne ake samun "abin zargi" da "fita daga zargi". Mutum yakan je gaisuwar mutuwa cikin ruwan sama don ya fita daga zargin dangi, ba don wani ya ce ya yi sata ba.

Kafin ka furta ko ka rubuta, ka tsaya ka ga wanne kake ciki. In na farko ne, yawanci bai kamata ya bar zuciyarka ba. In na uku ne kuma kana gudun a yi maka gurguwar fahimta, ka ce "ina ganin laifinsa" ko "na ɗora masa alhakin", sun fi fitar da nufi.

Yadda ake gina jimlar

Aikatau ɗin yana canza ƙarshensa gwargwadon abin da ya biyo baya, kamar yadda "saya" ke zama "sayi" da "saye". In suna ne ya biyo, sai a ce "ya zargi ma'aji". In wakilin suna ne, "ya zarge shi", "ta zarge su". In babu abin da ya biyo, "wanda aka zarga". A lokaci mai ci kuma, "ana zarginsa", "suna zargin ma'aji". Laifin da ake magana a kai yana zuwa ne bayan "da": an zarge shi da almundahana, ana zarginta da karɓar na goro. In dalilin kamu ko dakatarwa kake son faɗa, "bisa zargin" ya wadatar: an dakatar da shi bisa zargin sayar da fili sau biyu. Jam'i kuwa zarge-zarge ne.

Kuskuren da na fi gani shi ne "ya zarge ma'aji". Wannan wani aikatau ne daban, na igiya. Zarge akuya ake yi, a zarga mata igiya a wuya a ja. In an zo ga "ya zarge shi", rubutun iri ɗaya ne, karin sauti ne kawai ke raba su a baki, shi ya sa nakan sa mai karanta labarai ya maimaita jimlar a gabana kafin ya shiga ɗakin watsa shiri. Ni dai wannan kamanni bai taɓa barin raina ba, don wanda aka zarga da laifi a bainar jama'a tamkar an zarga masa igiyar ne: ko bai yi komai ba, duk inda ya juya sai ya ji ana ja.

Sai a kula da "zargin wane", domin yana da baki biyu. "Zargin shugaban ƙaramar hukuma ya tayar da ƙura." Shi ya yi zargin, ko shi ake zargi? Babu yadda mai sauraro zai gane. Ka warware masa: "zargin da shugaban ya yi" ko "zargin da ake yi wa shugaban". Kalma uku ko huɗu ka ƙara, ka tsare mutuncin mutum.

Wani abu kuma, ka ajiye kalmar a daidai inda shakkar take. In an ga gawa an yi jana'iza, mutuwar ba zargi ba ce. Kada ka rubuta "ana zargin an kashe mutum biyar", ka rubuta "an kashe mutum biyar, mazauna garin suna zargin 'yan bindiga". Iyalan da suka binne 'yan'uwansu ba sa jin daɗi a mayar musu da rashinsu jita-jita. Sannan a ganina zargi mutum yake nema, mai hankali da niyya. In gobara ta tashi a kasuwa, "ana kyautata zaton wutar lantarki ce ta haddasa ta" ya fi "ana zargin wutar lantarki" zama daidai, ko da yake na san na biyun ya riga ya kama bakin mutane.

Wa ya yi zargin?

Nan ne gizo ke saƙa. "Ana zargin" jimla ce mai daɗin faɗa saboda ba ta da mai ita. Wa ke zargin? 'Yan sanda? Hukumar EFCC? Abokin takararsa? Kishiyar uwarsa? Ko kai mai rubutun? Nauyin maganar ya danganta da bakin da ta fito, kuma mai karatu yana da haƙƙin ya san bakin don ya auna da kansa. Zargin da mai binciken kuɗi ya yi a rubuce da lambobi daban yake da wanda ɗan jagaliya ya yi a filin gangami. In ka dunƙule su duka cikin "ana zargin", ka ɗaga na biyun zuwa matsayin na farko.

Dokata a tebur ita ce: duk zargin da ba za ka iya gaya mini mai shi ba, ba zai fita ta bakinmu ba. In mai zargin ya nemi a sakaya sunansa don tsoron abin da zai biyo baya, ana iya sakayawa, amma mu mun san shi, kuma za mu faɗi matsayinsa gwargwadon abin da ba zai tona shi ba. Sannan sai an nemi wanda ake zargi an ji ta bakinsa. In ya ƙi magana a ce ya ƙi, in ba a same shi ba a faɗi ta hanyar da aka neme shi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, balle maganar da za ta iya raba mutum da aikinsa.

Kada kuma wani ya ruɗe ka cewa kalmar garkuwa ce. Mutane da yawa suna ganin in sun saka "zargi" a farkon rubutu sun tsira, sai su ci gaba da zuba abin da suka ga dama. Kundin laifuffuka na Final Kod da jihohin Arewa suka gada tun 1960 ya yi bayanin ɓata suna a sashe na 391, sashe na 392 kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko a haɗa wa mutum duka biyun. Wanda ya yaɗa maganar ma yana iya shiga ciki, ba sai wanda ya ƙirƙire ta ba. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, da aka sha kama mutane a ƙarƙashin sashenta na 24 saboda abin da suka wallafa. Ina da ƙorafi a kan yadda masu iko ke amfani da wannan sashe wajen toshe bakin masu suka, amma wannan ba ya ba kowa lasisin ɓata sunan bawan Allah.

Tun kafin waɗannan dokoki, yaran Islamiyya suna haddace ƙa'idar a hadisi na 33 na Arba'una: kawo hujja yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, kada a afka wa mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Mun ga abin da rashin wannan bincike ke haifarwa. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na jihar Edo, an tare mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Sallah. An ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Tsakanin zargi da kisa babu ɗan sanda mai bincike, babu alƙali, babu shaida. Mun yi kuka a kan wannan, kuma ya cancanci kuka. Sai dai mu ma a unguwanninmu ihun "ɓarawo" ɗaya ya isa a tara wa mutum jama'a da duwatsu, haka ma kiran tsohuwa mayya, ko cewa wani ya sace wa wani mazakuta daga gaisawa.

In magana ta kai hukuma, kowane mataki da sunansa

Wannan shi ne wurin da nake so mai rubutu ya fi nutsuwa, don kalmomin suna da tsani, kuma ba a tsallake matakala.

Da farko wani ya kai ƙorafi wurin 'yan sanda ko wata hukuma. A wannan mataki mutum "wanda ake ƙorafi a kansa" ne ko "wanda ake zargi". In an aika masa ya zo, gayyata ce, ba kamu ba. Na sha ganin an rubuta "an cafke" mutumin da ya tuƙo motarsa da kansa ya je ya amsa tambayoyi ya koma gida. In an kama shi kuwa, sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu mai hurumi a tazarar kilomita 40, in babu kuma kwana biyu. Har yanzu dai zargi ne. Ko 'yan sanda sun jera su a gaban 'yan jarida da kayan da aka ce an same su da su, zargi ne. Ko an ce ya amsa, ka rubuta "'yan sanda sun ce ya amsa laifinsa", domin kai ba ka cikin ɗakin da aka yi masa tambayoyi, kuma mutane da dama sukan janye irin wannan iƙirari da zarar sun tsaya gaban alƙali.

Ranar da aka gurfanar da shi aka karanta masa takarda, zargi ya zama tuhuma. Kalmar daga Larabci muka aro ta, kuma a magana ta yau da kullum ana musanya ta da zargi, har akan ce "na tuhume shi" a nufi na titsiye shi da tambaya. Amma a rahoton kotu ina raba su: zargi na kowa ne, tuhuma kuwa ita ce wadda mai gabatar da ƙara ya rubuta, da sashen dokar da aka ce an saɓa. Shi ya sa ake ƙirga ta, a ce tuhume-tuhume bakwai. Mutumin ya zama "wanda ake tuhuma". In kuwa rikicin bashi ne ko gado ko aure, babu tuhuma a ciki, akwai mai ƙara da wanda ake ƙara. Kada ka kira magidancin da matarsa ta kai ƙara kan ciyarwa "wanda ake tuhuma", ba laifin hukuma ake shari'a a kai ba.

Wata rana a wata kotun majistare, an karanta wa wani saurayi tuhuma. Alƙali ya tambaye shi ko ya fahimta, ya ce ya fahimta. Aka ce ya aikata ko bai aikata ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ban aikata ba." Aka ɗage zaman, aka fita da shi. Ina fitowa wata dattijuwa da ke zaune a gindin darbejiya da ƙullin abinci a cinya ta riƙo gefen rigata, don ta ga na'urar ɗaukar magana a hannuna.

"Ɗan nan, an ce an tuhume shi. An ɗaure shi ke nan?"

"A'a Inna, ba a ɗaure shi ba. Yau aka gaya masa abin da ake cewa ya yi, shi kuma ya ce bai yi ba. Yanzu masu ƙara ne za su kawo shaidu."

"To me ya sa aka sa shi a mota?"

Na yi mata bayanin tsarewa da beli, da cewa ta nemi lauyansa a kan sharuɗɗan. Ta ce tun jiya maƙwabta ke shigo mata jaje, wai sun ji a rediyo an kama shi da laifi. Tun daga ranar nake sauraron "kama" da kunne biyu. "An kama shi bisa zargin laifi" daban, "an kama shi da laifi" daban. Na biyun hukunci ne, na alƙali ne shi kaɗai.

Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulki ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar. Zamansa a gidan yari ma ba hujja ba ce, don fiye da rabin waɗanda ke gidajen gyaran hali a Nijeriya jiran shari'a suke yi. A manyan laifuka irin su kisa da fashi da makami, akan fara kai mutum kotun majistare wadda ba ta da hurumin yin shari'ar, ta aika da shi ajiya kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, kuma jiran yakan yi tsawo. Irin wannan mutum "ɗan jiran shari'a" ne, ba fursunan da aka yanke wa hukunci ba.

Sai ranar hukunci. In kotu ta same shi da laifi, ka ajiye "zargi", ka faɗi abin yadda yake: kotu ta same shi da laifin kaza. Ci gaba da cewa "zargi" bayan hukunci shi ma rashin adalci ne ga wanda aka zalunta. Amma ka bar ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe. Amina Lawal, kotun shari'ar Musulunci ta Bakori ta yanke mata hukuncin jefewa a watan Maris na 2002, sannan a ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta soke hukuncin. In kuwa an sake shi, ka saurari kalmar alƙali da kyau. Korar ƙara saboda masu gabatarwa sun daina zuwa ba daidai take da "an sallame shi an wanke shi" ba. A ta farko ana iya sake dawo da shi, a ta biyu magana ta ƙare.

Kalmomin da ke kewaye da ita

Zargi ba ya ɗaukar ɓangare, yana iya zama gaskiya yana iya zama ƙarya. Sauran 'yan'uwansa kuwa sun riga sun yanke cewa ƙarya ce. In ka ce an yi wa mutum sharri, ko ƙage, ko an shafa masa kashin kaji, ko an rataya masa jakar tsaba, ka wanke shi ke nan ka tuhumi wancan. Yarfe ya fi yawa a bakin 'yan siyasa, bi-ta-da-ƙulli kuma yana nufin akwai tsohuwar gaba da ake fakewa da shari'a ana ramawa. Duk waɗannan kalmomi ne na mai kare kansa. Ka sa su a bakinsa, "ya ce yarfen siyasa ne", kada ka ara ka yafa. Haka nan na fi son "ya musanta" a kan "ya ƙaryata", domin ƙaryatawa tana ɗan karkata ga cewa ya nuna ƙaryar, alhali cewa kawai ya yi bai yi ba.

Ƙazafi shi ne mafi nauyi. A bakin jama'a duk ƙagen da ya yi muni ƙazafi ne, amma a fiƙihu yana da iyaka: jifan mutum da zina ko kore shi daga nasabarsa. Aya ta 4 a Suratun Nur ta ce wanda ya jefi mata kamammu bai kawo shaidu huɗu ba a yi masa bulala tamanin, kuma kada a ƙara karɓar shaidarsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ko gugar zana mutum ya yi, muddin an fahimci nufinsa, haddi yana hawa kansa. Wannan ya kamata ya tsoratar da masu habaici a gidan biki da masu rubuta "mun san uban ɗan" a ƙasan hoton mutane. Miji ma bai tsira ba: in ya jefi matarsa ba shi da shaida, hanyarsa li'ani ce a gaban alƙali, wato rantsuwar da shi da matar za su yi kowa a kan maganarsa, kamar yadda aya ta 6 zuwa ta 9 suka tsara, ba yawo da maganar a majalisa ba. A surar dai aka ba da labarin ƙagen da aka yi wa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda ya yi wata guda yana yawo a Madina kafin wahayi ya wanke ta. Aya ta 15 ba waɗanda suka ƙirƙira kaɗai ta tsawatar wa ba, har da masu karɓa da harsunansu suna faɗin abin da ba su da sani a kai, suna ɗaukarsa abu mai sauƙi alhali a wurin Allah babba ne. Duk sanda yatsana ya je kan alamar turawa a waya, wannan aya ce ke faɗo mini.

A gida da kasuwa

A nan shawarata ita ce ka yi iya ƙoƙarinka kada kalmar ta fito daga bakinka. Magana zarar bunu ce. Ka faɗi abin da ka gani, ka bar abin da kake zato.

Wani kawuna ɗan kasuwar atamfa ne, yana da yara biyu a shago. Wata Alhamis da yamma ya buga lissafi ya ga ciniki bai cika ba. Bai ɗaga murya ba, bai ce wa ya ɗauka ba. Ya bari aka ja ƙofa, ya shimfiɗa littafin a kan dila, ya ce, "Ku zo mu sake bi tare, lissafin yau ya ƙi ni." Suka bi layi-layi. Aka tarar da turmi shida da aka ba wata dillaliya bashi ba a rubuta ba. Saura kuma ba a gano inda suka shiga ba, har yau. Washegari ya sa kwado a aljihun tebur, ya ce daga yau mutum ɗaya ne zai riƙa karɓar kuɗi kowace rana, kuma shi zai sa hannu. Da na tambaye shi ko ba ya zargin ɗayansu, sai ya ce, "Ɗana, zuciya ba ta rasa saƙa. Amma in na furta, ko kuɗin sun fito gobe a ƙarƙashin kaya, yaron nan ba zai ƙara sakewa da ni ba, ni ma ba zan ƙara iya aikensa banki ba."

In dole sai ka tunkari mutum, ka keɓe shi, ka zo da tambaya maimakon hukunci. "Yaya, kuɗin gadon nan da aka ce an raba, nawa ne jimillarsu?" ya fi "Yaya, kin cinye mana gado." Na farko yana da amsa, na biyu sai rantsuwa da kuka da shekara ba a gaisawa. Tsakanin miji da mata abin ya fi tsanani, domin zargi in ya shiga ɗaki komai sai ya zama shaida: ƙarar waya, jinkirin dawowa, har shiru. Hausawa sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, Suratul Hujurat kuma a aya ta 12 ta haɗa hani uku wuri ɗaya: yawan zato, binciken asirin mutane, da giba. Haka suke zuwa a jere. Wanda ya bar na farko ya yi girma, sai ka same shi yana laluben wayar matarsa da tsakar dare, gobe kuma yana ba abokansa labari.

Ɗaya ɓangaren kuma, ka taimaki mutane kada su zarge ka. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana i'itikafi ya fito raka matarsa Safiyya da dare, sai mutum biyu daga Ansar suka gan su suka ƙara sauri. Ya tsayar da su ya gaya musu Safiyya ce, ya ce Shaiɗan yana gudana a jikin ɗan Adam kamar jini. In kai ne ma'ajin masallaci ko na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ka karanta lissafi a gaban jama'a tun ba a tambaye ka ba, ka ajiye rasit.

In kai ake zargi, kada ka tsargu ka kama rantse-rantse, don mutane sukan ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ko da kuwa tsoro ne kawai ya kama ka. Ka nemi a gaya maka abu uku: wa ya faɗa, me ya ce ka yi, yaushe kuma a ina. Ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, kada ka rama da naka zargin. In maganar ta kai ofishin 'yan sanda, kana da damar ka yi shiru har sai ka ga lauya, kuma kada ka sa hannu a takardar da ba ka karanta ba ko ba a karanta maka da harshen da kake ji ba.

In kuma kai ne ka yaɗa zargi, daga baya aka wanke mutumin, ka koma daidai inda ka faɗa ka faɗi wankewar. In a labaran safe aka ambaci sunansa, a labaran safe za a wanke shi, da cikakken sunansa da sunan kotun da ranar hukuncin. In a zauren WhatsApp ka tura, ka tura gyaran a zauren, kada ka tsaya ga goge saƙon, domin waɗanda suka karanta sun riga sun karanta. Sannan ka nemi mutumin, ko ka aika masa wanda yake jin nauyi, ka nemi ya yafe maka.